Yadda Ake Riƙe Kujerar Kakakin Majalisa da Wayoyi Uku

Daga Sakkwato har bakin Tafkin Cadi babu wanda ya san aikin majalisar dokoki kamar ni. Sau huɗu a jere aka zaɓe ni Kakaki. Dokoki tamanin da ɗaya suka bi ta hannuna. Sau ɗaya aka yi yunƙurin tsige ni, ga ni nan kuma daram. Duk wanda ya bi matakan da zan zayyana, na ba shi tabbacin zai hau kujerar, ya kuma daɗe a kanta.

Majalisar tana cikin waya. Wani wasa ne na intanet inda ake ba jama'a ƙasa ta ƙarya su mulka: su kafa jam'iyyu, su yi zaɓe, su yi dokoki, su zagi juna cikin ladabi. Ƙasarmu sunanta Jamhuriyar Tudun Fadama. Ni kuwa sunana Gazali, shekaruna arba'in da bakwai, ina da digiri a kimiyyar siyasa. A ofishin da nake aiki, shekara goma sha tara ke nan ba a taɓa tambayata ra'ayina a kan ko da launin labule ba. Ka ga ke nan na cancanta.

Mataki na 1: Ka san zauren da ka shigo

Kujeru goma sha biyar ne, ana zaɓe kowane wata. Idan mutum biyar suka hallara, zama ya halatta, kuma abin da mafi yawan mahalarta suka zaɓa shi ne doka. Da zarar an buɗe zama, ƙofar zaure tana rufuwa, wanda ke waje sai dai ya karanta labari. Kowace kujera a ɗaure take da waya ɗaya da layi ɗaya, don waɗanda suka ƙirƙiri wasan sun san halinmu.

Jam'iyyu biyu ne masu rai. Tamu ita ce Jam'iyyar Haƙuri da Juriya, 'yan Sakkwato da Birnin Kabi, kujera takwas. Ta adawa ita ce Jam'iyyar Sauyi Yanzu-Yanzu, kujera bakwai, duk mutanen gabas ne: Maiduguri, Damaturu, Yola. Jagoransu wani ɗalibin lauya ne a Maiduguri mai suna Abdulshakur. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, amma na san ba ya barcin rana.

Ka riƙe wannan lissafi na takwas da bakwai. Duk abin da ya same ni daga cikinsa ya fito.

Mataki na 2: Ka samo wa kanka jama'a

Za a ce maka ana samun rinjaye da kyakkyawar manufa. Na gwada. Na rubuta manufa mai shafi goma sha ɗaya, mutum biyu suka karanta, ɗayansu ni ne.

Rinjaye a gida ake samunsa. Ka fara da matarka. Tawa, Atika, tana tsinke zogale na yi mata rajista, na tsayar da ita takara, ta ci mazaɓar Fadama ta Kudu ba ta ajiye tire ba.

"Baban Nabila, mi kaka taɓawa cikin wayata?"

"Na maishe ki Honorabul."

"To Honorabul na son a sawo gawayi."

Daga nan sai ɗan'uwa. Yayana Illo mahauci ne, yana da teburi a kasuwar nama. Shi ya gaji wuƙar mahaifinmu, ni aka tura boko, kuma da wuƙar nan aka yi karatun tun daga aji ɗaya har rigar digiri. Har yau idan ya gabatar da ni ga mutane, cewa yake yi, "Ɗan bokonmu na." Yana da babbar waya wadda ba ya komai da ita sai amsa kiran masu sayen nama. Waya irin wannan a hannun mutum irin wannan asarar kujera ce ga dimokuraɗiyya. Na gyara wannan asarar.

Tsarin ya zo da sauƙi. Kullum Yaya yana tashi daga kasuwa dab da la'asar, mu yi salla a masallacin unguwarmu a Gawon Nama. Ana sallamewa sai in ce, "Yaya, kawo in duba maka wani abu." In danna masa ƙuri'a, in miƙa masa abarsa. Wata takwas yana wakiltar Tudu ta Tsakiya, bai taɓa fashin zama da gangan ba, kuma bai san da zancen ba sai daga baya. Ban ga ɗan majalisar da ya kai shi natsuwa ba.

Mataki na 3: Ka koyi yadda doka take tafiya

Ɗan majalisa yana rubuta ƙuduri ya aika wa Kakaki. Kakaki ya sa a yi karatu na ɗaya, wato a liƙa shi a zaure kowa ya ƙi karantawa. A karatu na biyu ake muhawara: kowa yana da damar rubuta layi goma, kuma bisa al'ada takwas na farko gaisuwa ce. Sai a tura shi kwamiti. Kwamiti wuri ne da ƙuduri yake zuwa ya huta. Idan ya farka, a yi karatu na uku, a buɗe ƙuri'a na minti ashirin, a danna kore ko ja.

Aikinka na Kakaki shi ne ka tsara jerin abin da za a tattauna, ka kuma danna hoton guduma idan hayaniya ta yi yawa. Kada ka raina gudumar nan. Ni da aka taɓa mantawa da sunana a jerin masu shan shayi a taron ofis, na danna ta sau ɗaya mutum goma sha huɗu suka yi tsit. Sha biyu dai, tunda biyu suna aljihuna.

Ƙudurin abokan adawa ka sa shi a ƙarshen jeri. Idan sun yi ƙorafi, ka gode musu bisa kishin ƙasa.

Mataki na 4: Ka yi dokar da za a riƙa tunawa da kai

Kakakin da bai bar tarihi ba mai gadin guduma ne kawai. Ni na duba na ga agogon wasan na Turawa ne, zama yakan faɗo daidai lokacin da mutane ke sahu. Sai na kawo ƙuduri mai layi ɗaya, wanda har yau nake ganin babu kamarsa wajen tsabtar harshe: "Majalisa za ta riƙa zama bayan sallar la'asar."

Haka muke sa lokaci tun kakanni. Ɗaurin aure bayan Juma'a, ziyara bayan la'asar, sulhu bayan isha'i. Babu wanda ya taɓa ɓata. Ƙudurin ya wuce da ƙuri'a goma sha biyar cif, har Abdulshakur ya rubuta, "Allah ya ƙara wa mai girma Kakaki basira." Daɗi ya kama ni, na ba shi kujerar Mataimakin Kakaki don haɗin kan ƙasa, da ikon buɗe zama idan ba na nan. Don kada wani mara kishi ya zo ya lalata mini aiki, na ƙara sharaɗi cewa ba za a taɓa dokar ba sai da ƙuri'a goma.

Ka lura da kyau: idan abokin adawa ya yi maka addu'ar basira, ka koma ka sake karanta abin da ka rubuta.

Mataki na 5: Idan an yi maka kwanton ɓauna, ka kira shi darasi

Wata Talata na fito daga masallaci, na karɓi wayar Yaya, na shiga zaure, na tarar an tashi. An zauna, an yi muhawara, an kaɗa ƙuri'a, an rufe da addu'a. An ɗauke babban birnin Tudun Fadama daga yamma an mayar da shi gabas. An soke jerin motocin Kakaki an ba shi keke.

Na rubuta da manyan baƙaƙe cewa wannan juyin mulki ne, domin yanzu aka idar da la'asar.

Abdulshakur ya amsa: "Mai girma Kakaki, a Sakkwato ke nan. Mu nan Maiduguri mun idar tun rabin sa'a da ta wuce. Doka ba ta ce la'asar ɗin wa ba."

Na yi shekara huɗu a jami'a. Na san rana daga gabas take fitowa, har na taɓa cin jarrabawa a kan haka. Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne akwai wata la'asar a duniya ban da wadda ladanin unguwarmu yake kira. Na kai ƙara wurin waɗanda suka ƙirƙiri wasan, suka ce su ba su san la'asar ba, abin da majalisa ta rubuta shi ne doka. Na nemi a gyara dokar, aka tuna mini da ƙuri'a goma, aka kuma tuna mini wanda ya sa sharaɗin.

Washegari suka liƙa sanarwar tsige ni. Ranar Juma'a, bayan la'asar. Tunda ba a barin mutum ya yi alƙalancin kansa, Mataimakin Kakaki ne zai buɗe zaman.

Mataki na 6: Ka tattara 'yan majalisarka tun da wuri

Lissafin a fili yake. Idan mu takwas muna cikin zaure lokacin da ƙofa ta rufe, na tsira. Idan ɗaya ya ɓace, bakwai da bakwai ne, Mataimaki ya raba gardama, kuma ka san inda zai raba ta. Biyar na Sakkwato da Kabi sun yi rantsuwa za su zauna tun ƙarfe uku. Wayar Atika tana gida. Saura Honorabul na Tudu ta Tsakiya, wanda a la'asar ɗin Maiduguri yana tsakiyar kasuwa.

Ana saukowa daga Juma'a na bi shi teburinsa. Na tarar da nama jibge, rabin sa guda, an lulluɓe da buhu mai jiƙe da ƙanƙara a gefe.

"Yaya, ara min wayarka, minti talatin."

"Yau kam a'a, ɗan boko. Ka ga wanga nama? Na Hajiya Inno na."

Hajiya Inno tana da gidan abinci a Gawon Nama, tana kuma dafa na biki. Shekara ashirin da biyu ba ta sayen nama wurin kowa sai wurin Yaya. Ita ce cinikin da yake kwana da shi a rai, sauran duk na tsintuwa ne.

"Biki ta ɗauka gobe," in ji shi. "Yau za a yi suya, amma dangin amarya ba su shirya ba ko nan cikin gari za a yi ta ko Wamakko. Tac ce in jira kiranta, da ta hwaɗi gida in ɗora ma babur."

A nan ake gane gogaggen ɗan siyasa. Kada ka yi ƙarya. Ka faɗi gaskiya da manyan kalmomi. Na ce masa akwai wani zama na majalisa da za a yanke hukunci a kaina, kuma sunansa yana cikin masu ceto na.

Ya ajiye wuƙa. "Majalisa? Kai anka kai ƙara?"

"Kusan haka, Yaya."

Ya goge hannu a jikin riga, ya ciro wayar daga aljihu. "To mi kaka jira? Amma in Hajiya ta kira, ka ɗauka ka ji gidan, ka zo ka hwaɗa min. Kak ka daɗe."

Na ce ko kusa.

Mataki na 7: Kada ka ɗaga kira

Wannan shi ne matakin da ke raba Kakaki da sauran mutane, don haka ka natsu.

Ka jera wayoyin uku a kan tabarma, kowace da cajarta, kowace a cikin zaure. Ka sani cewa irin wayar Yaya, da kira ya shiga intanet yake yankewa, wasan ya fitar da kai, kuma komawa takan ci minti uku ko huɗu. Idan a cikin mintocin nan aka rufe ƙofa, Tudu ta Tsakiya ta rasa wakili, kai kuma ka rasa guduma. Saboda haka da ka ga kira, ka kashe shi tun bai yi ƙara ta biyu ba.

Ƙarfe uku da kwata muna zaure, mu takwas. La'asar ɗin Maiduguri ta yi. Abdulshakur bai buɗe zama ba.

Uku da rabi wayar Yaya ta haska: Inno Abinci. Na kashe.

Na rubuta a zaure cewa lokaci ya yi. Ya amsa: "Mai girma Kakaki, doka ta ce bayan la'asar. Ba ta ce da minti nawa ba." Yaron nan zai yi nisa a aikin lauya, Allah ya kiyaye jama'a.

Inno Abinci. Na kashe. Inno Abinci. Na kashe.

Atika ta leƙo daga madafa. "Baban Nabila, wayar Yaya na ta haske."

"Honorabul Illo yana cikin zaure. Ba a kiran ɗan majalisa yana zaure."

"To kira ta da taka."

"Tawa tana zaure."

"Ba ni tawa."

"Ke ma kina zaure."

Ta dube ni, ta dubi wayoyin, ta ce, "Ni dai ga ni tsaye bakin murhu." Ta tsaya kaina har kira na shida ya shigo na kashe. Sai ta ce, "Naman mutane hwa na, Gazali." A shekara goma sha takwas na aurenmu, sau uku ta taɓa kiran sunana, kuma ba a taɓa yin na alheri ba.

Ladaninmu ya kira la'asar. Na gane dabarar: jira yake mu shiga sahu ya buɗe. Na yi tawa a ɗaki, ni kaɗai, kuma ba zan ce hankalina yana inda ya kamata ba. Da na sallame na ga Atika ta sa hijabi.

"Ina za ki?"

"Kasuwa. In hwaɗa ma Yaya ana nemanai."

"Ai ba ki san gidan da za a kai ba."

"Shi dai ya san ana nemanai."

Kada ka hana ta. Kujerarta tana kan tabarma, jikinta kawai ya fita.

Kira na goma sha ɗaya shi ne na ƙarshe. Daga nan wayar ta yi shiru, na ji sanyi a raina, na ɗauka alamar nasara ce. Biyar da rabi ta wuce, da Abdulshakur ya ga babu wanda ya gaji a cikinmu, ga magaribarsu ta matso, sai ya buɗe zama. Ƙofa ta rufe da mu goma sha biyar. Na yi jawabin kare kai mai layi goma, ban sa gaisuwa ko ɗaya ba. Na danna ja, na danna ja, na danna ja.

Takwas da bakwai.

Mataki na 8: Ka karɓi nasara da tawali'u

Ana kiran magariba na ji tsayuwar babur a ƙofar gida. Yaya ne, da buhun nan a baya, ƙanƙarar ta narke tana ɗiga a kan taya. Atika ta riga ta ba ni labari a tsaye, ba ta cire hijabi ba: da ta isa, Yaya ya ari wayar maƙwabcin teburinsa, amma lambar Hajiya tana cikin wayar da ke zaure. Ya hau babur ya je gidan abincin, aka ce tana Wamakko. Ya bi ta Wamakko yana tambaya gida gida. Ya samu gidan ana tsame kasko na biyu. Hajiya ta jira har masu suya suka fara zancen tafiya, sannan ta kira Tambari, wanda teburinsa ke kallon na Yaya, wanda kuma ya ɗauka tun ƙara ta farko.

Na fito da wayar a hannu biyu. Na shirya jawabi.

"Yaya, wato abin da ya faru..."

"An sallame ka?"

"Na'am?"

"Majalisar. Sun bar ka?"

"Sun bar ni, Yaya. Da ƙuri'a ɗaya. Taka ce."

"To madalla." Ya karɓi wayar, ya duba kira goma sha ɗayan, ya sa a aljihu. Ya kwance buhun ya yanko tsoka mai kyau ya miƙa ciki. "A ba Nabila. Saura in ga abin da masu kilishi za su ɗauka, in sun ɗauka."

Atika ce ta yi masa bayanin wasan daga baya. Ban san da waɗanne kalmomi ba. Na dai san ya tambaye ta ko ana biyana, ta ce a'a, ya tambaya ko dai ana ganina a talabijin, ta ce a'a, sai ya ce, "To ko mi na, tunda shi yana so."

A matsayinka na Kakaki, abin da ya rage maka shi ne ka gode wa 'yan majalisa bisa amincewarsu, ka kafa kwamitin da zai binciki ma'anar la'asar. Namu yana hutawa.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ya cika alkawarinsa: ya ce za ka riƙe kujera, kuma ga yadda ake riƙe ta. Ba shi da alhakin duk wani nama da ya kwana, ko matar da ta koma kiran mijinta da sunansa, ko tsohuwar hulɗa da ta tsallaka teburi. Har yau Hajiya Inno tana amsa gaisuwar Yaya da fara'a, tana tambayarsa iyali, sannan ta wuce wurin Tambari. Wannan harka ce ta kasuwa, ba ta shafi majalisa ba. Mai ƙorafi ya rubuto wa Kakaki, za a sa shi a ƙarshen jeri.

Ranar Litinin bayan la'asar, ta Sakkwato, Yaya ya tsayar da ni a ƙofar masallaci. Ya ciro babbar wayar ya sa mini a hannu, da layinta a ciki, layin da duk masu sayen namansa suka sani shekara da shekaru.

"Riƙe wagga wurinka, ɗan boko. Kak a sake nemana majalisa a rasa."

Ya nuna mini wata ƙarama mai tocila da ya saya, da sabon layi. Na ce ai ba sai an yi haka ba. Na faɗa a hankali, kuma hannuna ya riga ya rufe a kan wayar.

Ya ce yana sauri. Ya rubuta sabuwar lambar a 'yan guntayen takarda, cike da aljihu, zai bi masu tsire da masu abinci ɗaya bayan ɗaya ya ba su kafin magariba. Na ga ya nufi layin su Hajiya Inno da ƙafa. Ta can zai fara.